Kalmar da Na Riƙa Cirewa daga Wasiƙun Malam Bello

Ba zan faɗi sunana ba, domin ina da 'ya'ya biyu a makaranta, kuma nauyin da na riga na ɗora musu ya isa. Ni mutumin Argungu ne. Mahaifina manomin shinkafa ne a fadama, yana kuma karantar da ƙananan littattafai a zauren gidanmu bayan la'asar. Ya rasu ina aji biyar na sakandare. Kafin abin da zan ba ku labari, ko gaban mai unguwa ba a taɓa kai ƙarata ba. Na fara da wannan ne don ku matasa masu aikin kwamfuta ku san ni ma irinku ne, ban tashi da niyyar cutar kowa ba.

Bayan rasuwar Baba, ɗan kawuna Nasiru ya ɗauko ni zuwa Birnin Kebbi. Ya girme ni da shekara takwas, Yaya nake ce masa. Yana da shagon buga takardu a Badariya, kuma a nan na fara taɓa kwamfuta. Shi ya saya mini ta farko da na mallaka. Shi ya tsaya mini har na gama difloma. Ranar da aka kai kayan aurena gidan su Hauwa, motarsa ce a gaba. Duk abin da ya ce in yi, ba na tambayar dalili. Ko layin wayar shagonsa da sunana aka yi masa rajista, domin ran nan ya ce ba shi da lokacin bin layi.

Na samu aiki a wata makarantar koyon aikin lafiya mai zaman kanta, ina kula da kwamfutoci da intanet. Wanda ya ɗauke ni shi ne magatakardan makarantar, Malam Bello, dattijo ne da suka yi karatun zaure tare da mahaifina. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai ya ce ɗana.

Na tarar da makarantar da wata matsala. Tana da sabarta, wato kwamfutar da ke aika saƙonnin imel na ma'aikata, amma adireshinta ya yi baƙin suna a intanet. Wasiƙa in ta fita, ko ta faɗa akwatin shara a can inda aka aika ta, ko a dawo da ita. Abin ya fi damun Malam Bello, domin asibitoci sukan rubuto suna tambaya ko wane ya gama karatu a nan kafin su ɗauke shi aiki. Ya amsa, amsar ba ta isa ba, yaro ya rasa aiki.

Na ce masa akwai magani. Za a yi hayar wata ƙaramar sabar mai tsabtar suna, a sa ta a tsakiya. Mu masu aikin, furoksi muke ce mata. Duk wasiƙar da za ta fita daga makaranta sai ta bi ta kanta, ita ce za ta buga mata hatimin makaranta ta miƙa ta gaba.

"Kamar ɗan aike ne, Malam," na ce masa. "Ka rubuta, ka ba shi, shi ya kai."

Ya cire tabarau ya dube ni. "To wanga ɗan aike naka, shina buɗe wasiƙa?"

"Ba ya buɗewa sai an sa shi."

"Wa ka iya sa shi?"

"Ni kaɗai, Malam."

"To alhamdu lillahi, in dai kai ne."

Makarantar ba ta da katin biyan kaya a waje, sai na yi hayar sabar da sunana da lambar wayata. Cikin mako guda wasiƙu suka fara isa. Malam Bello ya yabe ni a gaban mai makarantar, na koma gida ina jin kaina.

Laifina na farko ƙarami ne. Wata rana wasiƙu suka maƙale a sabar tsakiya, na shiga in ga dalili. Na gyara, amma kafin in fita idona ya faɗa kan wata wasiƙa da mai makarantar ya rubuta game da wani malami da yake son sallama. Na buɗe na karanta. Babu wanda ya gani, babu abin da ya faru. Washegari na sake buɗe wata. Kafin wata guda ya zame mini kamar shan shayin safe. Na san wa ke neman aiki a wani wuri, na san wa ke kai ƙarar wa. Ina gaishe su a baranda, ina dariya a zuciyata.

Laifina na biyu shi ne baki. Wata Asabar muna cin kifi da Yaya Nasiru a Argungu, na ba shi labari don in burge shi. Ya ajiye ƙayar da ke hannunsa ya ce, "Karantawa kaɗai kake iyawa, ko har gyara?"

Na ce har gyara, tunda hatimi sai bayan wasiƙa ta wuce ta hannuna ake buga shi.

Bayan mako biyu ya zo mini da labarin wata mata. Ya ce mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ta gama makarantarmu tun da daɗewa amma fayil ɗinta ya ɓace, ga shi wani asibiti zai rubuto tambaya, kuma Malam Bello zai ce bai san ta ba. "Taimako ne," in ji shi. "Kai ma maraya ne, ka san abin."

Da Turanci ake rubuta wasiƙun. Tsakanin "ɗalibarmu ce" da "ba ɗalibarmu ba ce" kalma guda ce mai harafi uku. Na tsare wasiƙar Malam Bello a sabar tsakiya, na cire kalmar, na gyara layi guda a ƙasa, na sake ta. Ko minti biyu ban yi ba. Da na gaya wa Yaya an gama, ya tura mini ambulan cikin aljihu. Na ce a'a. Ya ce na yara ne. Ban mayar ba.

Daga nan sunaye suka riƙa zuwa. Ba ya rubuto mini su, ba ya turowa ta waya. Sai mun zauna ido da ido ya faɗa, ni in rubuta da hannuna. A lokacin na ɗauka tsantseni ne don ya kare mu duka. Na sa wa sabar doka: duk wasiƙar da ta fito daga ofishin magatakarda ta tsaya sai na duba. Na kuma shirya yadda in asibiti ya amso da godiya, amsar za ta faɗo wani akwati da ke hannuna, kada Malam ya ga abin da aka karɓa da sunansa. In ya yi kukan jinkiri, in ce masa layin intanet ne.

Ban daɗe ba na gane babu wani fayil da ya ɓace. Takardun shaidar kammala karatun a bayan shagon Yaya ake buga su. Sau ɗaya na yi masa magana. Ya ce, "Mutanen nan duk sun iya aikin, sun zauna a asibiti sun gani. Takarda ce kawai ba su da ita. Kai mi ne naka? Kalma ɗaya kake cirewa." Na karɓi wannan amsa domin ina son in karɓa. Shekara ɗaya da watanni muna haka.

Cikin waɗanda na gyara wa wasiƙa akwai wani saurayi da wani ƙaramin asibitin kuɗi, can wajen Augie, ya ɗauka a matsayin mai gwajin jini. Ban taɓa ganinsa ba, suna ne kawai a takarda. Aka kawo wata mata mai naƙuda ta zubar da jini da yawa. Saurayin ya gwada jininta, ya faɗi rukunin da ba nata ba, aka ƙara mata. Jaririyar ta rayu, uwar ta rasu kwana biyu bayan haka. Saurayin ya gudu, har yau ban ji an kama shi ba.

Da aka fara bincike, asibitin ya fito da wasiƙar da ta tabbatar masa da yaron, da sunan Malam Bello a ƙasa da hatimin makaranta. Aka dakatar da Malam daga aiki. A unguwarsu ta Gesse shi ke jan salla in liman ba ya nan. Aka daina miƙa shi gaba. Wasu suka ce dama ai shiru-shirun dattijon nan ya yi yawa.

Ya aiko aka kira ni gidansa. Na same shi a zaure da 'yar kwamfutarsa a cinya. Ya buɗe mini kwafin wasiƙar da ya aika, ya ɗora yatsa kan kalmar.

"Ɗana, duba. Ga ta nan. Ni na san abin da na rubuta, na ce ba namu ne ba. To a ina ta ɓace? Kai ka san aikin nan, kana iya gane mini?"

Na dubi allon kamar mai nazari. Na ce, "Malam, wataƙila can asibitin ne sunka gyara don su wanke kansu."

Ya ce ba ya son ya zargi kowa ba da hujja ba. Sa'an nan ya ɗaga hannu ya yi mini addu'a, ya ce Allah ya jiƙan mahaifina da ya bar ɗa mai amana. Na shafa. Na fito na hau babur ɗina na tafi gida na ci abinci. Cikin duk abin da na aikata, wannan zama ne ya fi hana ni kallon kaina.

Na je wurin Yaya a tsorace. Ya ce in kwantar da hankali, babu mai gane aikin nan a garin nan sai ni. Bayan 'yan kwanaki ya zo gidana da hantsi a Keke Napep, da kwalaye uku a ɗaure. Ya ce rufin shago ke yoyo, za a gyara, in ajiye masa na mako guda. Hauwa ce ta share masa wuri a ɗakin ajiya, ta kawo masa kunu. Ya sha, ya ɗauki ƙaramar 'yata ya yi mata wasa, ya tafi.

Kwana biyu bayan haka masu bincike suka iso da safe, ina sanye da takalmi zan fita aiki. Ba su yi ta neme-neme ba, kai tsaye ɗakin ajiya suka nufa. A cikin kwalayen akwai injin bugawa, da takardun shaida da ba a cika ba, da hatimin roba mai sunan makarantarmu. Ɗaya daga cikinsu, wani matashi da bai fi sa'ata ba, ya nuna mini wata takarda. Ya ce kowace wasiƙar imel tana ɗauke da alamar duk sabar da ta bi, da lokacin da ta shiga da lokacin da ta fita. Na san haka, ni ma na karanta a difloma. Wasiƙar Malam ta yi minti arba'in a sabar da ke da sunana.

Ina tsare Kawu ya zo, mahaifin Nasiru, tare da Inna, mahaifiyata. Ya sunkuyo kusa da ni ya ce, "In ka ambaci ɗan'uwanka, gida biyu sun rushe, kuma babu mai tsaya maka. In ka yi shiru, shi ka zama waje ya nemo lauya, ya riƙe iyalinka. Ku jini ɗaya ne."

Na dubi Inna. Kanta na ƙasa, tana murza bakin mayafi. Can ta ce, "Ka ji abin da kawunka ya ce."

Na rubuta bayani cewa ni kaɗai na yi komai, na sa hannu.

Lauya bai zo ba, sai wanda kotu ta ba ni. Na ce wataƙila Yaya na jiran ƙura ta lafa. A zama na uku mai gabatar da ƙara ya ce yana da shaida. Aka buɗe ƙofa, sai ga Yaya Nasiru cikin farar shadda, da hula sabuwa. Ya yi rantsuwa. Ya ce shi ya raine ni, shi ya koya mini aiki, kuma da baƙin ciki yake tsaye a wurin. Ya ce injinsa ya ɓace daga shago, da ya yi zargina sai ya kai rahoto don ya sauke nauyi. Ashe washegarin ranar da ya sha kunun Hauwa ya je wurin masu binciken. Lambar wayar da masu sayen takardu ke kira, da aka duba, sunana ne a kanta. Takardar sunaye, rubutun hannuna ne. Har ya kawo wata murya da ya naɗa a waya, ana jina ina cewa na gyara ta, ta wuce. Tasa muryar babu ita a ciki.

Da ya zo wucewa ta gabana na ce, "Yaya." Ban ɗaga murya ba. Bai juyo ba, ya gyara hularsa ya fita.

Na roƙi in sake bayani, na faɗi gaskiya duka. Mai gabatar da ƙara ya ɗauko na farko ya karanta, ya tambaye ni ko sa hannuna ne. Na ce nawa ne. Ya ce to wanne ne ƙarya, na jiya ko na yau? Ba ni da abin nunawa ko guda. Mutumin da na yi shekara goma sha biyu ina bi bai bar ko layi ɗaya da hannunsa ba.

Ranar yanke hukunci, ana fitar da ni zuwa mota, wani mutum ya tsaya a gabana. Siriri ne, hannuwansa duk kanta, yana da warin albasa a jikin rigarsa. Aka ce mini mijin matar ne.

Ya ce, "Kai ne mai kwamfutar?"

Na ce ni ne.

"Ka santa?"

Na ce ban santa ba.

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "To mi ta yi maka?"

Gandiroba ya ja ni. An yanke mini shekara huɗu.

Kawu bai taɓa zuwa dubana ba. Yaya bai aika wa Hauwa ko ƙwayar shinkafa ba. Ta kwashe yara ta koma gidansu a Argungu, ta kama ɗinki. Ba ta nemi saki ba, ba ta kuma taɓa ce mini "ba komai" ba. A shekara ta uku Inna ta rasu. Hauwa ta kawo mini saƙonta: a ce masa ni na sa shi ya yi shiru, ya yafe mini. Uwata ta bar duniya tana neman gafarar ɗan da ya jawo mata kunya, saboda ta yarda da ɗan'uwanta kamar yadda na yarda da ɗansa.

Shekarata ta farko a gidan yari, ba na tunanin komai sai Nasiru. Ina maimaita kunun nan, da wasan da ya yi wa 'yata, ina tambayar kaina tun yaushe ya shirya. Tun ranar kifi? Tun ranar layin waya? Na ɗauki kaina wanda aka zalunta. Sai wata rana wani tsoho da muke ɗaki ɗaya, wanda bai iya rubutu ba, ya roƙe ni in rubuta masa wasiƙa zuwa ga ɗansa. Da na gama ya ce ba sai na karanta masa ba, ya yarda da ni. Na riƙe birona na kasa ninke takardar. Abin da ke ƙona ni game da Yaya, shi ne daidai abin da na yi wa Malam Bello, ni kuma na yi shi sau da yawa, ina gaishe shi kowace safiya.

Da na fito, kafin in kwana biyu na tafi Gesse. Kotu ta wanke Malam Bello tun tuni, amma bai koma aiki ba, idonsa ma ya yi rauni. Na yi sallama, ya gane muryata. Na durƙusa na faɗa masa komai, har ƙaryar da na yi masa a wannan zauren.

Ya ce, "Ran nan da na kira ka, na fara zarginka. Na ce bari in ba ɗan abokina ƙofa ya faɗa da bakinsa. Na yi maka addu'a ko zuciyarka za ta karye."

Na roƙe shi gafara.

"Nawa na yafe," in ji shi. "Na matar can ba hannuna yake ba."

Bai ce mini ɗana ba har na tashi.

Yanzu ina gyaran waya a bakin kasuwar Argungu, da damina kuma ina noma gonar Baba. Babu mai ba ni kalmar sirrinsa, kuma ban ga laifin kowa ba. Yaya Nasiru ya buɗe shago na biyu. Mukan haɗu wurin jana'iza, ya yi sallama, in amsa domin wajibi ne. Ba zan yi muku ƙarya in ce zuciyata ta huce ba. Ina roƙon Allah ya cire mini, har yau bai gama fita ba.

Ku matasa, ga abin da nake da shi. In an ba ka aikin da wasiƙun mutane ke bi ta hannunka, kada ka buɗe ta farko, domin ita ce mai wuya, sauran suna zuwa da kansu. Kada ka ba kowa labarin abin da kake iya yi a ɓoye, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke. Wanda ya ce ka yi abu da sunanka shi kuma ba ya sa nasa, ka tashi daga wurin, ko shi ya raine ka. In kuma ka riga ka faɗa, ka faɗi gaskiya tun ranar farko, gaba ɗayanta, kada ka bari kowa ya saya maka shiru da zumunci. Kuma kada ka ce ai kalma ɗaya ce a allo. A ƙarshen kowace wasiƙa akwai mutum.

Sau biyu na shiga motar Augie don in nemi mijin matar nan, sau biyu ina sauka a tasha in juyo. An ce mini yarinyar ta shiga makaranta, sunan uwarta aka sa mata. Zan sake komawa bayan girbi. Abin da ke tsayar da ni shi ne tambayarsa, domin shekara shida ke nan ina neman amsar da zan ba shi, kuma amsar ita ce ba ta yi mini komai ba.